Mai Son Hoton Duwatsun Kauru Ya Ware Kuɗin Mota Tukuna

Kowace shekara idan watan Disamba ya raba tsakiya, tashoshin mota na Agege da Mile 12 da Sabon Badun sukan cika maƙil da mutanen Kauru da Saminaka da Kagoro da Kafanchan, kowa da ƙunshinsa, za a je ganin gida. Bayan mako biyu ko uku a komo Kudu da buhun masara da citta da doya, da kuma waya cike da hotuna. To, a nan ne abin haushi yakan auku. Magidanci ya zaunar da 'ya'yansa da aka haifa a Ikko, waɗanda tudun da suka sani bai wuce gadar sama ba, ya buɗe waya zai nuna musu dutsen garinsu da ya daɗe yana ba su labari, sai ga dutsen nan ya fito ɗan mitsitsi can ƙuryar hoto kamar suri a gona, sama ta yi fari fat, gindin dutse ya yi baƙi ƙirin. Yara su duba, su dubi juna, su ce, "Baba, shi ke nan dutsen?"

Irin wannan haushi ne ya sa waɗansu samari 'yan wancan yanki da ke neman abinci a Kudu, musamman waɗanda suka fara taɓa sana'ar hoto a wuraren biki da suna, suka shiga tara kuɗi domin sayen babbar kyamara irin wadda masu sana'ar ke kira ful-firem, tare da gilashi mai faɗin gani na ɗaukar duwatsu da dazuzzuka. Niyyar mai kyau ce. Amma kuɗin da ake magana a kansu ba ƙanana ba ne, ga mai ƙaramin albashi gumin shekara guda ne ko fiye, da yake kayan duka da dala ake shigo da su, naira kuwa tun da aka sake ta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023 ta sha ƙasa ƙwarai. Saboda haka ya kamata a yi wa maganar duban tsanaki kafin a kwance lalita. Shawarar a taƙaice ita ce: a sayi kyamara ta hannu mai matsakaicin ƙarfi, a sa kuɗi sosai a gilashi da abin kafawa, sa'an nan a ware kuɗin motar zuwa gida a lokacin da ƙasa ke da kyaun gani. Ga dalilai.

Abin Da Ya Sa Maganar Ke Da Nauyi

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin da ke fama da kuɗin haya a Ikko da hoton dutse da rafi? Dalilin a fili yake. Duk wanda ya ce daga kudancin Jihar Kaduna ya fito, abin da maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo ya sani game da wurin shi ne abin da ya gani a jarida, watau rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da aka yi ta kai wa ƙauyuka a shekarun da suka biyo baya. Waɗannan abubuwa sun faru, ba mai musu, waɗanda suka rasa 'yan'uwa kuwa ba su manta ba. Amma ƙasar tana da wata fuska wadda ba ta cika shiga jarida ba.

Akwai duwatsun Kauru, tsohon garin da sarautarsa ke cikin masu bin Zazzau tun kafin zuwan Turawa, tare da su Kajuru da Lere da Kagarko. Akwai tuddan ƙasar Chawai wajen Damakasuwa, inda ƙasa ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos, da na ƙasar Kumana wajen Geshere. Akwai dutsen Kagoro da ya yi wa garin rumfa, inda ake bikin Afan ran 1 ga watan Janairu. Akwai mafaɗar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ɗin, wadda ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos tun 1927. Akwai kuma ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, wanda ya sa sunan ƙauyen ya shiga littattafan tarihi na duniya.

Ƙasar nan kuwa ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Ana sare itatuwa ana ƙona gawayi, gonaki suna cin daji, kwano yana korar jinka, kufan tsofaffin ƙauyukan da aka bari a kan dutse aka sauko fili suna ta rushewa. Hoton da aka ɗauka bana, nan da shekara 30 ya zama shaida. An ga misalin haka a Barno, inda wata 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta shiga ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta garinsu tun daga 2015, lokacin da duniya ba ta jin kome game da wurin sai bam, har hotunan nata suka zaga ƙasashe. Kudancin Kaduna yana bukatar irin wannan ido, 'ya'yansa da ke Kudu kuwa su ne suka fi kusa da kasuwar kayan aikin.

Mene Ne Ful-Firem?

Dattawan da suka yi zamani da fim ɗin Kodak da Agfa sun san dodon hoto, ɗan baƙin fallen nan da ake ɗagawa sama a duba kafin a wanke. Girman kowane hoto a jikinsa milimita 36 ne a tsawo, 24 a faɗi. Wani Bajamushe mai suna Oskar Barnack shi ya ɗora kyamarar Leica a kan wannan awo, aka fara sayar da ita a 1925, daga nan duniya ta bi. Da aka daina fim aka koma na'ura, sai aka sa wani ɗan faranti mai karɓar haske a gurbinsa, masu sana'a suna ce masa sansa. Kyamarar da farantinta ya kai girman dodon hoton nan cif, ita ce ful-firem, watau mai cikakken faranti. Yawancin kyamarorin da ake farawa da su kuwa farantinsu bai wuce kimanin milimita 23 da rabi a tsawo da 15 da rabi a faɗi ba, na Canon ma ya ɗan gaza haka. In aka auna fili, cikakken ya ninka ƙaramin sau biyu da ɗoriya.

Amfanin wannan girma ba boyayye ba ne. Wanda ya tara ƙwarya a ruwan sama ya fi wanda ya tara ƙoƙo samu. Babban faranti ya fi tara haske, saboda haka hoton asuba da na almuru yakan fito da tsabta, ba yawan tsaki-tsaki, kuma ya fi iya riƙe hasken sama da duhun gindin dutse a hoto guda. Har wa yau gilashi yana ba da dukan faɗinsa a kansa, alhali ƙaramin faranti yakan yanke gefe ya bar tsakiya.

Amma a faɗi ɗaya gefen. Kyamarar ta fi tsada, gilasanta sun fi tsada, sun kuma fi nauyi, mai hawan dutsen Kagoro da ƙafa kuwa zai san bambancin kilo ɗaya da kilo biyu. Daɗa idan aka kafa kyamara a kan ƙafa uku da rana, aka wanke hoton a matsakaicin girma, ba kowane ido ne zai raba aikin babban faranti da na ƙarami ba. Saboda haka wanda ya riga ya mallaki ƙaramar Canon ko Nikon bai kamata ya yi gaggawar rabuwa da ita ba. Gilashin Canon mai lamba 10-18 ko na Nikon mai lamba 10-20, waɗanda aka yi domin ƙaramin faranti, suna ba da faɗin da ya yi daidai da kimanin 16 ko 15 a kan babba, kuɗinsu kuwa kaɗan ne in an gwada. Ya fara da wannan ya yi shekara guda. In ya ga hannunsa ya wuce kayan, sa'an nan ya yi gaba. Marigayi J. D. Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya suke rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka, da 'yar kyamarar Brownie ya fara a 1950.

Wace Za A Ɗauka?

Wanda dai ya ƙudurta sai cikakken faranti, abu na farko da mai shago zai ruɗe shi da shi shi ne yawan megafiksil. Kada ya yarda. Kyamara mai megafiksil 24 tana ba da ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, wanda ya isa a wanke hoto mai tsawon rabin mita ya fito tangaran ko an kawo ido kusa, in kuwa na bango ne da ake kallo daga nesa, ya isa a ninka haka. Mai megafiksil 45, irin su Nikon D850 ta 2017, aba ce mai kyau, amma kowane hoto nata yana cin wuri kusan ninki biyu, tana cika kati, tana wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma tana tona asirin gilashi mai araha da hannu mai rawa.

Abu na biyu shi ne zaɓi tsakanin mai madubi da marar madubi. Canon ta fitar da 5D a 2005, wadda ta fara kawo cikakken faranti kusa da aljihun masu ƙaramar sana'a, ta biyo da 5D Mark II a 2008 da 6D a 2012. Nikon ta fitar da D700 a 2008, da D610 a 2013, da D750 a 2014. Duk waɗannan masu madubi ne. A 2013 Sony ta fito da A7 marar madubi, a 2018 kuwa Canon da Nikon suka bi sahu da nasu, tun daga nan sababbin gilasai galibi can suke fitowa. Wannan sauyi ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi rana, domin masu hali a Turai da Amurka sun yi ta sayar da tsofaffin kayansu, farashin na hannu ya sauko. Dutse kuwa ba ya gudu, ba ya tashi sama. Yawancin abin da ake biyan kuɗinsa a sabuwar kyamara, kamar bin idon ɗan ƙwallo a guje ko ɗaukar hoto ashirin a daƙiƙa guda, ba abin da zai ƙara wa mai hoton Matsirga.

Sai a duba halin wurin da za a yi aikin. A ƙauyukan Kauru wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, wani wurin ma babu ita sam. Bisa ma'aunin da kamfanonin ke bi, batir ɗaya na D750 yana ɗaukar hoto wajen 1,200, na 6D fiye da 1,000, na Sony A7 III ta 2018 wajen 700, na Nikon Z5 ta 2020 ƙasa da 500, na Canon RP ta 2019 kuwa wajen 250 kacal. A ɗaya hannun, Z5 da A7 III ana iya cajinsu da irin batirin tafi-da-gidanka da ake cajin waya, sun kuma fi sauƙin ɗauka. Sa'an nan ga ƙura. A yawancin marasa madubi, da zarar an cire gilashi faranti yana nan tsirara yana kallon iska, wanda ya san hunturun Arewa kuwa ya san abin da wannan ke nufi.

In aka haɗa waɗannan duka, mai kuɗi daidai wa daida zai fi samun riba a D750 ko D610 ko 6D ta hannu mai lafiya. Wanda ya fi ƙarfi ya duba Z5 ko A7 III. D750 ta fi tsofaffin Canon iya fito da abin da ya ɓuya a inuwa, amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, watau mutum ya duba irin da abokan sana'arsa ke riƙe da shi a garin da yake zaune. Wanda kowa a unguwarsa Canon yake riƙe da ita, zai sami aron gilashi da batir da mai gyara cikin sauƙi. Sayen kyamara kamar aure ne, da dangi ake yinsa, domin gilashin wannan kamfani ba ya hawa kan na wancan kai tsaye.

Maganar Gilashi

A nan ne samari suka fi yin ɓarnar kuɗi. Lambar da ke jikin gilashi, ƙanƙantarta ita ce faɗin ganinsa. A kan cikakken faranti, daga hagu zuwa dama, gilashi mai lamba 50 yana ganin digiri 40, mai 35 yana ganin 54, mai 24 yana ganin 74, mai 20 yana ganin 84, mai 16 kuwa 97. Sabon shiga sai ya ɗauka wanda ya fi faɗi shi ya fi kyau, tun da ƙasa ce za a ɗauka. Ba haka abin yake ba. Gilashi mai faɗi yana tura abin da ke nesa ya ƙara nisa, ya ƙanƙantar da shi. Idon yawancin wayoyin hannu daidai yake da lamba 24 zuwa 26, watau shi ma mai faɗin gani ne, abin da ya mai da dutsen magidancin nan suri ke nan. Wanda ya tsaya a bakin titi ya auna dutsen Kagoro da gilashi mai lamba 14, ya kashe dubban ɗaruruwa domin ya ƙara wa dutsen ƙanƙanta.

Aikin gilashi mai faɗi shi ne a matso kusa ƙwarai da wani abu, a sa shi a gaba, a bar dutse a bayansa. Rumbu ne, ko gindin ɗorawa, ko kunyar citta, ko falalen dutse mai ramukan niƙa na mutanen da, ko ruwa mai bin tsakanin duwatsu. Shi ne gilashin wurin da ba a iya ja da baya, kamar gindin Matsirga ko loko tsakanin duwatsun Kauru. Amma tsauni da aka hango daga fili, da jerin tuddai masu hawa kan juna da safe, waɗannan suna son lamba 70 zuwa sama.

Domin haka wanda kuɗinsa na gilashi ɗaya ne, ya fi masa ya ɗauki mai zuƙowa daga 24 zuwa 105 na Canon ko Sony, ko 24 zuwa 120 na Nikon. Lamba 24 ta isa farawa, ranar da wuri ya fi ƙarfinta kuwa sai a ɗauki hoto uku ko huɗu a jere a ɗinke su a kwamfuta. Gilashin nan kuma shi ne zai yi aikin biki a Ikko ya mai da kuɗinsa. Na biyu, in hali ya samu, shi ne 16 zuwa 35 na kowane ɗayan kamfanonin uku, ko 17 zuwa 40 na Canon wanda ya fito tun 2003 ya kuma yi araha a hannu.

Akwai wata lamba kuma mai harafin f a gabanta, wadda ke nuna iyakar buɗewar ƙofar haske. Mai f/2.8 ya fi mai f/4 tsada da nauyi nesa ba kusa ba, mai shago kuwa shi zai fi yabawa. To, amma hoton ƙasa a kan f/8 ko f/11 ake ɗaukarsa, domin na kusa da na nesa su fito tare. Alal misali, a lamba 24 da f/11, in aka saita ido a kan abin da ke nisan mita 2, kome daga kimanin mita 1 har inda sama ta haɗu da ƙasa zai fito sarai. Ke nan wanda ya biya kuɗin f/2.8 ya sayi ƙofar da ba zai riƙa buɗewa ba. Wanda kawai ke bukatar babbar ƙofa shi ne mai son ɗaukar taurari a daren ƙauye, shi ma gilashi marar zuƙowa mai lamba 20 da f/1.8 ya fi masa sauƙi. A kuma yi hattara da gilashi mai ƙumburarren goshi irin 14 zuwa 24 na Nikon mai madubi. Gwani ne, amma nauyinsa ya kusa kilo guda, ba a iya ɗaura masa filta ta gaba, feshin ruwa da ƙura kuwa kai tsaye suke sauka a kansa.

Wani tarkon kuma shi ne gilasan ƙaramin faranti. Na Canon mai alamar EF-S ba ya hawa kan 6D ko 5D. Na Nikon mai alamar DX yana hawa, amma sai kyamara ta yanke gefe, megafiksil 24 ya koma wajen 10.

Ƙafa uku mai ƙarfi wajibi ce, ba ado ba. Ruwan Matsirga ba ya fitowa kamar zaren auduga sai an bar ƙofa a buɗe kwata ko rabin daƙiƙa, hannun ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa cak haka. A haɗa da filta mai kashe ƙyalli, wadda ke fito da koren ganye da launin jiƙaƙƙen dutse. Gilasan Canon da Nikon da aka ambata masu f/4 duk bakinsu milimita 77 ne, saboda haka filta ɗaya ta wadatar.

A Kasuwa

Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko a Alaba, ko hannun wani mai sana'a da zai sauya kaya, kada a sayi kifi a ruwa. A tafi da wanda ya san aikin, da kati na kai. A duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin marfin da ke ƙyaftawa a cikinta yana da iyakar kwana: an gwada na D750 a kan 150,000, na 6D a kan 100,000. Wadda ta yi shekaru tana aikin biki kowace Asabar ta ci rabin ranta ko da jikinta yana sheƙi. A ɗauki hoton farin bango a kan f/16 a duba ko akwai ɗige-ɗige. Nikon D600 ta 2012 ta yi ƙaurin suna wajen ɗigon mai da ƙura a faranti, D610 ce ta maye gurbinta, kada a rikita su. Gilashi kuma a haska shi da tocila ta baya, in an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, a ajiye shi ko nawa aka rage. A karɓi rasiti mai lambar jikin kaya, saboda kayan sata suna yawo, hanyar Ikko zuwa Kaduna kuwa shingen bincike ba ya ƙirguwa.

Fumfunar nan ita ce babbar abokiyar gabar mazaunin Kudu. Laimar Ikko da Fatakwal tana cin gilashin da aka bari cikin jaka a ƙarƙashin gado. Maganinta mai sauƙi ne: robar abinci mai marfi da ba ta shan iska, da 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shan laima irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa busar da su lokaci lokaci.

Rabon kuɗin kuwa, in an kasa shi goma, huɗu su tafi ga kyamara, uku ga gilashi, ɗaya ga ƙafa uku da filta da batir na biyu da kati, biyu kuwa a ɗaure su domin mota da masauki da wanke hotuna. Wanda ya zuba goman duka a kan kyamara, zai zauna da ita a ɗaki a Agege yana ɗaukar hoton rufin maƙwabta.

Lokaci Da Ladabi

Dalilin ware kuɗin mota daban shi ne, tafiyar Disamba da aka saba ba ita ce tafiyar hoto ba. A lokacin hazo ya rufe duwatsu, ciyawa ta bushe, an sa wa daji wuta, ruwan Matsirga ya ja baya. Ana samun abin ɗauka, kamar tuddai masu dishi-dishi da sassafe, amma ƙasar ba ta cikin kwalliyarta. A tsakiyar damina ruwa yana cika, sai dai hanyoyi sun lalace, dutse yana santsi. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, ƙasa kore shar, dawa ta fid da kai, rafuka ba su ƙafe ba. A cikin yini kuma, hasken kirki ɗan kaɗan ne bayan fitowar rana da kafin faɗuwarta, domin a wannan yanki rana ba ta jinkirin hawa. Ke nan sai an kwana kusa da wurin.

Wannan ya kawo maganar da ta fi kowace nauyi. Ba kowane daji ake shiga ba a ƙasar Kauru da maƙwabtanta, masu satar mutane sun sa waɗansu wuraren sun gagara. Kafin a hau dutse a gai da dagaci ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a ɗauki ɗan gari ya yi ja-gora a kuma sallame shi da abin kirki. In mutanen gari suka ce kada a bi nan, magana ta ƙare, babu hoton da ya kai ran mutum. Kada a sanar wa duniya inda ake sai an bar wurin. Kada a auna kyamara ga shingen soja ko na 'yan sanda. Waɗansu duwatsu da kurmi wuraren al'ada ne ga masu su, waɗansu kuwa makabarta ce, sai da izini. Mata a rafi da manomi a gonarsa ba itatuwa ba ne, a yi sallama a tambaya, in an wanke hoton kuma a aika musu da nasu.

Wani zai ce duk wannan almubazzaranci ne a wannan marra da buhun shinkafa ya gagari mutane. Yana da gaskiya a kan wanda bai biya kuɗin makarantar yara ba, ko wanda iyayensa ke jiran kuɗin taki. Irin wannan ya haƙura, ya koyi matsowa kusa da tashi da asuba da wayar da ke hannunsa, zai ga canji tun kafin ya kashe kwabo. Amma wanda ya sauke waɗannan, ya kuma iya sa kyamarar ta ci da kanta a wuraren biki, bai yi wauta ba. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke Ikko da Badun suna buga kalanda kusan kowace shekara, yawanci da hotunan shugabanni jere cikin manyan riguna. Kalandar da ta fito da wurare goma sha biyu na ƙasar Kauru za ta daɗe a bango bayan shekararta ta wuce.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Hoton da ya tsaya a cikin kati ko waya, ranar da abin ya lalace ya tafi ke nan. A ajiye shi wuri biyu, a wanke mafi kyau a takarda, a rubuta a bayansa sunan wurin da Hausa da kuma yadda masu wurin ke kiransa da Kurama ko Chawai ko Gure, da ranar da aka ɗauka. A kai ɗaya makarantar firamare ta garin, ɗaya fadar hakimi, ɗaya kuma a rataye shi a ɗakin haya na Ikko daidai inda yara za su riƙa ganinsa kullum safiya kafin su tafi makaranta. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, Ya komo da su lafiya.